Dala 9.99 ko 14.99: Shari'ar Apple da Rikicin Farashin Littafin Na'ura a Amurka

Ranar Juma'a 29 ga Janairun 2010, duk wanda ya shiga shafin Amazon neman littafin da kamfanin Macmillan ya wallafa sai ya tarar an cire maɓallin saye. Sunan littafi na nan, hoton bangonsa na nan, amma Amazon ya daina sayarwa, na takarda da na na'ura baki ɗaya. Kwana guda kafin haka shugaban Macmillan, John Sargent, ya yi takanas zuwa Seattle, hedikwatar Amazon, ya ajiye musu zaɓi biyu: ko dai su bar Macmillan ya riƙa yanke farashin littattafansa na na'ura da kansa, ko kuma duk sabon littafi sai ya yi watanni a kasuwa kafin a ba su na na'urar. Cire maɓallin nan shi ne amsar da ya samu. Sai dai fushin bai je ko'ina ba. Ranar Lahadi Amazon ya fitar da sanarwa cewa dole zai miƙa wuya, tunda littafin Macmillan babu inda ake samunsa sai wurin Macmillan.

A kan dala uku zuwa biyar ake wannan faɗa. Amazon na sayar da sabon littafin na'ura, wato wanda ake saukewa a karanta a na'urar karatunsa ta Kindle ko waya ko kwamfuta, a kan dala 9.99. Mawallafa kuma na son ya koma 12.99 ko 14.99. Wannan 'yar tazara ita ta haifar da shari'ar da aka yi shekara huɗu ana fafatawa, ta ci kamfanin Apple dala miliyan 450, ta ci manyan kamfanonin wallafa biyar kimanin dala miliyan 166. Amfanin lamarin ga mai son sanin gaskiyar farashin littafi shi ne, a cikinsa aka tilasta wa masu wannan kasuwa su baje wasiƙunsu da lissafinsu a gaban alƙali.

Asalin 9.99

A watan Nuwamban 2007 Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle a kan dala 399. Na'ura mai wannan tsada sai da abin jan hankali, abin jan hankalin kuwa shi ne alkawarin cewa sababbin littattafai da waɗanda suka fi kasuwa za a same su a dala 9.99.

A lokacin tsarin sari ake bi, irin wanda aka saba da shi a littafin takarda. Mawallafi ya rubuta farashi a bayan littafi, ya ba mai kanti a kusan rabin kuɗin, mai kanti kuma ya sayar yadda ya ga dama. Sabon littafi mai bango mai tauri da aka rubuta wa dala 26, a 13 mai kanti yake sarinsa. Da mawallafa suka ga 9.99 na neman zama, sai a 2009 wasu daga cikinsu suka ɗaga kuɗin sarin littafin na'ura ya yi daidai da na takarda, suna zaton asara za ta sa Amazon ya ɗaga farashi. Ko gezau. Ya ci gaba da sari a wajen 13 yana sayarwa 9.99, yana faɗuwar kusan dala uku a kan kowane kwafi na irin waɗannan littattafai.

Ba don Allah yake yi ba. A lokacin littafin da aka saya a Amazon a kulle yake, ba ya buɗuwa a na'urar karatu ta wani kamfani, don haka wanda ya tara littattafai a Kindle ya zama ɗan gida, ƙaura za ta yi masa wuya. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ce daga baya in aka haɗa cinikin littafin na'ura na Amazon gaba ɗaya riba yake ci, faɗuwar a kan littattafan da kowa ke rububi ce kawai. Zuwa 2009 kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar littafin na'ura a Amurka na hannunsa.

To mawallafa da ke karɓar dala 13 ɗinsu cif, me ya tsone musu ido? Tsoronsu na farko shi ne sabo. In mai karatu ya saba ganin sabon littafi a dala goma, to dala goma ta zama kuɗin littafi a ransa, kuma ranar da ya ga na takarda a 26 zai ɗauka cuta ce. Littafi mai bango mai tauri kuwa shi ne uwar ribarsu. Suna kuma tsoron kantunan littattafai na gari su mutu, alhali a can ne mutum ke shiga ba da niyyar komai ba ya fito da littafin da bai taɓa jin sunansa ba. Babban tsoron shi ne ranar da Amazon zai gama cinye kasuwa, ya juyo ya ce ya gaji da asara, a rage masa kuɗin sari. Wanda ke riƙe da kashi 90 in ya faɗi haka, wa zai ce masa a'a? A ƙarshen 2009 wasunsu suka gwada jinkirta fitar da na na'ura sai na takarda ya yi watanni a kasuwa. Dabarar ba ta yi musu daɗi ba, domin mai Kindle da ya nemi littafi bai samu ba yakan sayi wani, ko ya nemi na sata.

Nawa takarda take ci?

Hujjar da mai karatu ya fi riƙewa ita ce: babu takarda, babu tawada, babu mota, babu sito, to kuɗin me nake biya? Hujja ce mai ƙarfi a baki, amma lissafi ya rage mata kaifi. A farkon 2010 jaridar New York Times ta wallafa ƙiyasin yadda ake kasafta kuɗin littafi a manyan kamfanoni. A littafin dala 26, mawallafi na karɓar 13. Bugawa da ajiya da sufuri, har da kwantan da kantuna ke dawowa da shi, suna cin 3.25. Zanen bango da tsara shafuka da gyaran rubutu senti 80, talla dala ɗaya. Marubuci na samun 3.90, wato kashi 15 cikin ɗari na farashin bayan littafi. Abin da ya rage wa mawallafi 4.05 ne, daga ciki zai biya editoci da hayar ofis da sauran ɗawainiya.

Ashe takarda da duk abin da ya rataya da ita kashi ɗaya ne cikin takwas na farashin. Kusan duk wahalar littafi a kan kwafin farko take: shekarun da marubuci ya yi yana rubutu, kafin alƙalamin da aka ba shi, aikin edita. Waɗannan ba sa raguwa don an koma na'ura. Sannan littattafai da yawa ba sa mayar da kafin alƙalamin da aka biya a kansu, 'yan kaɗan da suka yi kasuwa su ke ɗauke da sauran.

Akwai kuma wani abu da mawallafa ba su cika son faɗa ba. Bambancin kuɗin buga mai bango mai tauri da mai bango mai laushi kaɗan ne, amma a kanti na farko yakan kusa ninka na biyu. Na farko shi ake fara fitarwa, na biyu sai bayan kamar shekara. Wanda ya ƙagu ya biya da tsada, mai haƙuri ya jira araha. Ma'ana tun kafin a san Kindle, abin da ke yanke farashin littafi shi ne ƙaguwar mai saye, kuɗin bugawa ɗan rakiya ne. Laifin 9.99 a wurin mawallafa shi ne ta ba wa mai ƙaguwa farashin mai haƙuri tun ranar farko.

A wancan ƙiyasi na jaridar akwai lissafin littafin na'ura na dala 12.99, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mawallafi na karɓar 9.09. Tsarawa da gyara senti 50, talla senti 78, marubuci tsakanin 2.27 da 3.25. Abin da ya rage wa mawallafi tsakanin 4.56 ne da 5.54. A duba da kyau: a littafin na'ura mai rabin kuɗin na takarda, rabon mawallafi ya ƙaru, na marubuci ya ragu.

Shigowar Apple

A tsakiyar Disamban 2009 Eddy Cue, babban jami'in Apple mai kula da kantunansa na intanet, ya sauka a New York ya bi manyan mawallafa shida ɗaya bayan ɗaya: Hachette, HarperCollins, Macmillan, Penguin, Random House da Simon & Schuster. Apple na shirin ƙaddamar da iPad a ƙarshen Janairu, yana son ta zo da kantin littattafai a cikinta. Amma bai yarda ya yi asara irin ta Amazon ba, kuma bai yarda a buɗe kantinsa a ce nan ne aka fi tsada ba.

Mafitar da aka samo ita ce dillanci. Littafi na mawallafi ne har ya isa hannun mai karatu, shi zai sa farashi, Apple dillali ne kawai, la'adarsa kashi 30 cikin ɗari. Aka sa iyakar da farashi ba zai wuce ba, 12.99 da 14.99 ga yawancin sababbin littattafai. Sai aka ƙara wani sharaɗi wanda shi ne ƙashin bayan shari'ar duka: in aka samu wani kanti na sayar da sabon littafi ƙasa da farashin da ke kantin Apple, dole mawallafi ya sauke na Apple ya daidaita. Wato in Amazon ya ci gaba da 9.99, Apple ma 9.99, kuma mawallafi zai tashi da dala bakwai. Babu kamfanin da zai jure wannan. Duk wanda ya sa hannu ya san ba shi da hanya sai ya tilasta wa Amazon komawa dillanci. Tafiyar Sargent zuwa Seattle ke nan.

Kamfani ɗaya ba zai iya tunkarar Amazon shi kaɗai ba, kowa ya san haka, shi ya sa kowannensu ya nemi tabbacin cewa sauran ma za su shiga. Cue ya riƙa sanar da su adadin waɗanda suka amince. Bayanan waya da aka gabatar a kotu sun nuna shugabannin kamfanonin sun kira juna sau 34 cikin kwana uku, daga 19 zuwa 21 ga Janairu. Biyar suka sa hannu kafin ranar ƙaddamarwa. Random House, wanda ya fi su girma, ya ƙi, sai a Maris na 2011 ya bi sahu.

Ranar 27 ga Janairu, bayan shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya gama nuna iPad, ɗan jarida Walt Mossberg na Wall Street Journal ya tambaye shi: me zai sa mutum ya sayi littafi 14.99 a wurinku alhali Amazon na sayarwa 9.99? Jobs ya ce masa farashin zai zama ɗaya. An ɗauki maganar a bidiyo. Ya kuma gaya wa marubucin tarihin rayuwarsa, Walter Isaacson, cewa sun faɗa wa mawallafa su sa farashi, Apple ya ɗauki kashi 30, mai saye zai ɗan ƙara biya, amma ai abin da mawallafan ke so ke nan. Jobs ya rasu a Oktoban 2011, kafin a shigar da ƙara, amma waɗannan kalamai nasa sun yi wa kamfaninsa illa a kotu fiye da shaidu da yawa masu rai.

A watan Afrilun 2010 sabon tsari ya fara aiki. Alƙaluman da kotu ta karɓa sun nuna farashin littattafan na'ura na waɗannan kamfanoni a Amazon ya tashi da kashi 18.6 cikin ɗari gaba ɗaya, sababbi da kashi 14.2, waɗanda suka fi kasuwa kuwa da kashi 42.7. Yawan kwafin da suke sayarwa ya ragu. Iyakar da aka ce kada a wuce ita ta zama farashin.

Nan ne abin al'ajabin yake. A da mawallafi na karɓar wajen dala 13 a kan sabon littafi, mai karatu na biyan 9.99. Yanzu mai karatu na biyan 12.99 ko 14.99, mawallafi na karɓar 9.09 ko 10.49. Mai saye ya ƙara biya, mai kaya ya rage samu, da saninsa da yardarsa. Marubuci kuwa, da yake kasonsa a littafin na'ura kashi 25 ne cikin ɗari na abin da ya shiga hannun mawallafi, ya sauko daga kamar 3.25 zuwa 2.27. Ɗan kasuwar da ya yarda ya rage wa kansa kuɗi don a tsawwala wa mai saye, akwai abin da yake karewa wanda ya fi masa kuɗin yau. Ikon yanke farashi suke karewa, da kasuwar littafin takarda.

A gaban kotu

Ranar 11 ga Afrilun 2012 Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙarar Apple da kamfanonin biyar a kotun tarayya da ke New York, bisa dokar Sherman ta 1890 wadda ta haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki a kan farashi. Jihohi da yankuna 33 su ma suka kai tasu ƙarar. Hachette, HarperCollins da Simon & Schuster suka yi sulhu nan take, Penguin a Disamban 2012, Macmillan a Fabrairun 2013. Babu wanda ya amsa laifi a cikinsu. Sharuɗɗan sulhun sun ce a bar kantuna su yi ragi na tsawon shekara biyu, a kuma jingine wancan sharaɗi na daidaita farashi shekara biyar.

Apple kaɗai ya tsaya. Aka yi zaman shari'a a Yunin 2013, ranar 10 ga Yuli mai shari'a Denise Cote ta yanke hukunci mai shafuka kusan 160 cewa Apple ne ya ɗaure wa haɗa bakin gindi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 30 ga Yunin 2015, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya. Wanda ya saɓa, Dennis Jacobs, ya ce a kasuwar da kamfani ɗaya ke riƙe da kashi 90 yana kuma sayarwa a faɗuwa, abin da Apple ya yi buɗe ƙofar gasa ne. A Maris na 2016 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, magana ta ƙare.

Marubuta da yawa sun goyi bayan mawallafa. Shugaban ƙungiyar marubuta ta Authors Guild na lokacin, Scott Turow, ya yi gargaɗin cewa gwamnati na shirin kashe gasa ta gaske don ta ceci kamannin gasa. Suna da abin nunawa: a shekarun dillanci rabon Amazon ya sauko zuwa wajen kashi 60, kamfanin kantunan littattafai na Barnes & Noble da na'urarsa ta Nook ya samu wurin tsayawa.

Ni a ganina hukuncin daidai ne, kuma ban ga yadda za a yanke wani ba. Tsoron Amazon gaskiya ne, amma in aka ba 'yan kasuwa biyar damar haɗa kai su ɗaga farashi saboda suna tsoron na shida, kowane gungu zai samo na shidan da yake tsoro. In ƙasa na ganin littafi ya cancanci kariya daga yaƙin farashi, akwai hanyar yin haka a fili. Faransa ta yi doka a 1981, zamanin ministan al'adu Jack Lang, cewa mawallafi ne ke sa farashi kuma kanti ba zai yi ragin da ya wuce kashi 5 ba, a 2011 ta yi wa littafin na'ura tasa dokar. Jamus ma ta shigar da littafin na'ura cikin dokarta ta tsayayyen farashi a 2016. Kusan abin da mawallafan New York suka nema ke nan, amma a can majalisa ce ta yi muhawara ta zartar, wanda bai yarda ba ya san inda zai kai kuka. Abin da kotun Amurka ba ta yi ba, kuma ba aikinta ba ne, shi ne faɗin nawa ya dace littafi ya kai. Ta dai ce ba a haɗa baki.

Bayan hukunci

Ragin bai daɗe ba. A 2014 da Hachette ya zo sabunta kwantiragi da Amazon, rikici ya ɓarke daga Mayu har Nuwamba. Amazon ya riƙa jinkirta aika littattafan Hachette, ya hana yin odar waɗanda ba su fito ba. Marubuta fiye da 900, ƙarƙashin jagorancin Douglas Preston, suka sayi shafi guda a New York Times suna kira ga Amazon ya daina garkuwa da littattafansu.

A tsakiyar rikicin Amazon ya kawo hujjarsa da alƙaluma. Ya ce duk littafin da zai sayar da kwafi 100,000 a 14.99, zai sayar da 174,000 a 9.99. Na farko dala miliyan 1.499, na biyu miliyan 1.738. Kuɗi sun ƙaru, masu karatu sun ƙaru, kowa ya ci. Ya kuma ba da shawarar a raba kuɗin: marubuci 35, mawallafi 35, Amazon 30. Lissafin yana da kyau, amma akwai ramuka biyu a cikinsa. Bai cire waɗanda da za su sayi na takarda suka koma na araha ba. Sannan littafi ɗaya in ya sauke farashi yakan ja masu saye daga sauran littattafai, amma in duka suka sauka tare, lokacin karatun mutane ba zai ƙaru da kashi 74 ba.

Aka sasanta a Nuwamban 2014, Hachette ya samu ikon sa farashi. Kafin ƙarshen 2015 duk manyan kamfanonin, waɗanda suka koma biyar bayan haɗewar Penguin da Random House a 2013, sun koma dillanci, wannan karon kowa da kwantiraginsa, abin da doka ba ta hana ba. Farashi ya koma 12.99 da 14.99. Har aka shiga wani yanayi da ke ba masu karatu haushi har yau: Amazon na da ikon yin ragi a na takarda amma ba shi da iko a na na'ura, sai ka ga wani lokaci na na'urar ya fi mai bango mai laushi tsada. Cinikin littafin na'ura na manyan kamfanoni ya ragu a 2015 da 2016. Shi kuma Amazon, a 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta sa shi ya janye wasu sharuɗɗa daga kwantiraginsa da mawallafa, masu kama da wanda aka kama Apple da shi.

Me mai saye yake riƙe da shi?

Duk tsawon shari'ar nan ana maganar nawa aka biya, ba a tsaya kan me aka saya ba, alhali a nan ne nake ganin mai karatu yake da hujjar da ta fi ta takarda ƙarfi.

A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanin wallafa na Bobbs-Merrill da masu kantin Macy's. Kamfanin ya rubuta a cikin wani littafi cewa kada a sayar da shi ƙasa da dala ɗaya, Macy's ya sayar senti 89. Kotu ta ce da zarar an sayar da kwafi, ikon mawallafi a kan wannan kwafi ya ƙare. Albarkacin wannan ƙa'ida mai littafin takarda yake ba da aro, ya yi kyauta, ya sayar a matsayin na hannu, ya bar wa magada. Wanda ya sayi littafi dala 15 ya sayar dala 5 bayan ya gama, dala 10 ya kashe.

Littafin na'ura ba haka yake ba. Sharuɗɗan Kindle sun faɗa ƙarara cewa lasisi aka ba ka, ba a sayar maka ba. A Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge littattafai biyu na George Orwell da suka riga suka biya, saboda wanda ya ɗora su ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar da kuɗi, shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ya nemi afuwa, amma kowa ya ga abin da zai yiwu. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗi. A Disamban shekarar kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar kamfanin Tom Kabinet na ƙasar Holan, cewa ba a sayar da littafin na'ura na hannu sai da izinin mai haƙƙi. Laburare ma bai tsira ba: tun 2011 HarperCollins ya ce kwafin na'ura in aka ba da aronsa sau 26 sai a sake saye.

Wannan matsala ta iso mu. Da manhajar Okadabooks ta Najeriya ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, marubuta da masu karatun da suka dogara da ita sun ɗanɗana abin da ake nufi da ajiye littafi a gidan wani. Masu karanta littattafan Hausa kuma sun san shagunan haya tun zamanin da ake buga su a takarda, sun san kuɗin haya daban, kuɗin saye daban, kuma ba wanda ya taɓa tsammanin su zo ɗaya. Littafin na'ura yana da nasa alheri, gaskiya ne: yana zuwa nan take, ana ƙara girman rubutu, ɗaruruwa na shiga aljihu. Amma abin da ba ka iya sayarwa, ba ka iya ba da aro yadda kake so, ana kuma iya karɓewa, ya fi kusa da haya mai dogon wa'adi. Farashinsa ya kamata ya nuna haka, ya zauna ƙasa da na mai bango mai laushi a kowane lokaci.

Rabon marubuci

Kowane ɓangare a rikicin nan da sunan marubuci ya yi yaƙi. Mawallafa suka ce suna kare darajar aikinsa, Amazon ya ce yana nema masa ƙarin masu karatu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kashi 25 da manyan kamfanoni ke ba marubuci a littafin na'ura bai motsa ba a zamanin dillanci. A 2015 Authors Guild ta fito ta ce rabi ne adalci, tunda babu kuɗin bugawa, babu kwantai, kuma a littafin takarda abin da marubuci da mawallafi ke tashi da shi kusan ɗaya ne, kamar yadda 3.90 da 4.05 suka nuna.

Amazon ya buɗe wata ƙofa, ita ma da nata ƙugiya. Tun 2010 marubucin da ya wallafa da kansa a Kindle yana samun kashi 70, amma aka ɗaure wannan kaso da sharaɗin farashi ya tsaya tsakanin 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan ya koma kashi 35. Wanda ya sayar a 3.99 yana samun sama da dala biyu da rabi, ya fi abin da takwaransa na babban kamfani ke samu a littafin 12.99. Sai dai edita da bango da talla duk a wuyansa suke. A 2014 kuma aka kawo Kindle Unlimited, inda mai karatu ke biyan kuɗin wata, daga 2015 aka koma biyan marubuci bisa yawan shafukan da aka karanta, kowane shafi wajen rabin senti ko ƙasa da haka, kuma Amazon ne ke yanke yawan kuɗin da za a raba duk wata.

A Yunin 2016 aka fara rabon dala miliyan 400 da Apple ya biya masu saye, sauran miliyan 50 ta tafi ga lauyoyi da jihohi. Duk wanda ya sayi littafin na'ura na kamfanonin biyar tsakanin Afrilun 2010 da Mayun 2012 ya samu dala 6.93 a kan kowane littafi da ke cikin jerin waɗanda suka fi kasuwa na New York Times, da 1.57 a kan sauran. Ga masu sayayya a Amazon, kuɗin asusunsu na Amazon ya shiga, a can za su kashe shi. Marubutan da kasonsu ya sauko daga 3.25 zuwa 2.27 a waɗannan shekaru biyu ba sa cikin rabon, domin ƙarar ta masu saye ce.